Tsohuwar Katafila a Sanyin Umdurman

Duk wanda ya taɓa kwana a Hartum cikin watan Janairu ya san cewa garin nan da ya yi suna wajen zafi yana da nasa hunturun. Iskar arewa takan sauko daga hamada tun tsakar dare, busasshiya, mai fasa leɓe da diddige, kafin asuba ma'auni ya sauka zuwa digiri 15, wani daren ma har ya kusa 10. Mutumin Turai zai yi mana dariya in ya ji muna kiran wannan sanyi, amma mu dai mun san yadda muke naɗe kai da wuya da mayafi, mu cusa wa yara riga uku, mu tsuguna gaban murhun mai shayi muna miƙa tafin hannu. A irin wannan safiyar ce, cikin Janairun 2023, wata uku kafin yaƙi ya ɓarke, muka tashi mu uku daga unguwar Mayo muka nufi Umdurman, don mu ga yadda wani dattijo daga cikin mutanenmu zai tayar da katafilar da ta girmi iyayenmu.

Ɗan'uwanmu da ke aikin walda a can ne ya kawo mana labarin. Wani manomi daga bakin Farin Nilu yana so ya yi hayarta don ya yashe hanyar ruwan gonarsa, ya ce kuwa ba zai ba da ko sisi ba sai ya ga ta tashi da idonsa, da sassafe, injin yana sanyi ƙalau. Manomin ya san abin da yake yi. Injin da aka ɗumama kowa yana iya yi masa ado, amma wanda ya kwana a waje ba ya ɓoye ciwonsa.

Mun shiga hafila tun duhu bai gama yayewa ba. A Mugran, inda Shuɗin Nilu da Farin Nilu suke haɗuwa, hazo ya kwanta a kan ruwa har tsibirin Tuti bai fito sosai ba. Muka haye tsohuwar gadar ƙarfe ta Farin Nilu, wadda aka buɗe a 1928, muka wuce Maurada masu kifi suna ta sauke kwanduna, sa'an nan muka kutsa unguwar masana'antu. Wanda bai san wurin ba, to, ya ɗauka gari ne guda na ƙarfe: layi bayan layi na gareji, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, gawarwakin motocin Bedford a jingine, yara masu koyon aiki suna hura wuta a cikin rabin duro. Masu agashe ba su fito ba tukuna. Muka sha shayi da madara da ligemat wajen wata baiwar Allah a bakin layi, muka tambayi gidan Usta, aka nuna mana da baki.

Tana tsaye a ƙarshen fili, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Samfurin D7 ce ta kamfanin Caterpillar, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1944 da 1955, nauyinta ya haura tan goma. Launin ɗorawar da kamfanin yake shafa wa injunansa tun 1931 ya koɗe ya koma kamar ƙasar Jazira da rani. Ba ta da rumfa, ba ta da gilashi, ba ta da sitiyari, sai kujera ɗaya da sandunan ƙarfe a gaban direba. Wuƙar gabanta da igiyar ƙarfe ake ɗaga ta. Babu fitila, babu waya ko ɗaya, babu wurin ajiye batir. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sunan katafila da muke kiran duk wani inji mai tafiya a kan sarƙa daga sunan kamfanin nan ya samo asali, shi kuwa kamfanin an kafa shi ne a Amurka a 1925, lokacin da kamfanonin Holt da Best suka haɗe. A wannan shekarar ce kuma aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, ruwa ya fara shiga gonakin Jazira. Da farko da manyan injuna na garin Leeds na Ingila ake noman, inji biyu a gefuna biyu na gona suna jan garma da igiyar ƙarfe tsakaninsu. Daga baya masu sarƙa suka karɓi aikin, saboda baƙar laka ta Jazira in ta bushe tana tauri kamar dutse, in ta jiƙa kuma tana haɗiye taya, sarƙa ce kaɗai ke raba nauyin inji a kan faɗin ƙasa yadda ba zai nutse ba. Da aka zo faɗaɗa aikin zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, har gonakin suka kai wajen fadan miliyan biyu, katafiloli ne suka share daji, suka daidaita ƙasa, suka tayar da gaɓar hanyoyin ruwa.

A can ne Usta ya koyi aiki. An haife shi a wani kambo, wato irin zangon leburorin da ke gefen gonaki, mahaifinsa kuwa daga ƙasar Katsina ya fito da ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare, ya tsaya cirar auduga, kamar dubban kakanninmu. Shi Usta yana ɗan shekara goma sha biyar aka ɗauke shi yaron giris, yana bin katafila da bindigar mai. Shekara huɗu ya yi kafin a bar shi ya hau kujera. Mun daɗe muna jin ana cewa mutanenmu ba su san komai a Jazira ba sai ɗiban auduga da yankan dawa. Ga shi nan a gabanmu, da rawani da tsohuwar kwat ta soja, mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuƙa abin da ya haƙa wa Jazira hanyoyin ruwanta.

Bai yi gaggawa ba. Ya zagaye ta sau ɗaya yana duban ƙasa, ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Ya buɗe lagireto ya sa yatsa. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu. Ya kwance wani ɗan famfo a ƙarƙashin tankin jaz, wato man dizal, ya bar ruwan da ya taru a gindi ya zube har sai da tsantsar mai ya fara fitowa. Sa'an nan ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma kamar jariri. Magineto ne, ƙaramin injin da ke ba fulogi wuta ba tare da batir ba. Ya ce a ɗakinsa yake kwana, kusa da gadonsa, domin raɓa da sanyi su ne abokan gabarsa, ga kuma masu hannu da yawa a unguwa.

A nan ne abin da ya kawo mu yake. A jikin babban injin, ta hagu, akwai wani ƙaramin inji mai fistin biyu da ke shan fetur. Amurkawa suna kiransa ɗan doki, Turawan Ingila suna ce masa jaki, a bakinsu donki, sunan da ba baƙo ba ne a kunnenmu tun da haka ake kiran tashar ruwa mai inji a Kurdufan da Darfur. Aikinsa ɗaya ne tak, ya tayar da babban. Usta ya ɗaura magineto, ya buɗe fetur, ya rage wa kafireta iska, ya miƙa wa jikansa manafila. Yaron ya kama ta kamar mai riƙe tabarya, sai tsohon ya buge masa hannu.

"Mai da babban yatsanka gefen sauran. In ta mayar da bugu, wuyan hannunka za ta karya."

"To, Baba."

A ja na huɗu ɗan jakin ya kama, da wata irin kara mai tsinin gaske, kamar ana yayyaga kwano. Manomin ya matso, ya zaci an gama. Usta kuwa ya koma kan benci ya karɓi kofin jabana. Sai da ƙaramin injin ya yi ɗumi sa'an nan ya tashi, ya tabbata sandar da ke buɗe bawul ɗin babban inji tana buɗe, ya tura ƙaramin haƙori ya shiga cikin haƙoran babban faifai, ya sa giyar ƙasa, ya saki kuloci a hankali. Fistin huɗu na babban injin suka fara hawa da sauka, fayau, babu matsi, babu mai. Idonsa yana kan agogon baƙin mai. Da allurar ta tashi, ya canja zuwa giyar sama, ya rufe bawul, muryar ɗan jakin ta yi nauyi kamar wanda aka ɗora wa buhu. Har yanzu bai buɗe jaz ba.

Ɗan'uwanmu mai walda ya kasa haƙuri. Ya ce, "Usta, akwai gwangwanin feshi a shagona, irin wanda ake fesa wa manyan motoci. Fesawa ɗaya za ta tashi." Tsohon bai ko waiwaya ba, ya ce, "Ɗana, injin da ya saba da wannan abin ba ya sake tashi sai da shi. Ajiye kayanka." Gaskiyarsa kuwa, domin sinadarin yana kamawa da wuri fiye da kima, ya daki kan fistin tun bai kai sama ba, ya fasa zobba, daga nan matsi ya ragu, gobe sai an ƙara fesawa.

Bari mu yi wa mai karatu bayanin jiran. Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma wajen kashi ɗaya cikin goma sha shida na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. In ƙarfen injin yana da sanyi, yakan shanye zafin kafin ya isa, man ya shiga ya fita ɗanye. Waɗanda suka ƙera wannan katafila sun yi wa matsalar dabara uku a jikin ɗan jakin nan. Ruwan da ke sanyaya shi shi ne ke zagaya babban injin, saboda haka yana gudu yana ɗumama masa jiki. Hayaƙinsa yana bi ta cikin bututun da babban yake shaƙar iska, iskar ta shiga da ɗuminta. Sa'an nan yana iya juya babban injin minti goma, ashirin, har rabin sa'a, muddin akwai fetur, alhali batir da an yi minti ɗaya ana murza shi ya fara nishi.

Wannan duk ba don sanyin Umdurman aka yi shi ba. Namu wasan yara ne, minti biyar ya ishe shi. An yi shi ne don wuraren da yawu ke daskarewa, kuma 'yan'uwan katafilar nan sun je can. A 1942, cikin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka suka yanka hanya mai tsawon kimanin kilomita 2,700 daga Kanada zuwa Alaska cikin wata takwas, da D8 da ƙannenta a gaba suna kayar da itatuwa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na sojojin baƙaƙen fata ne, da yawansu daga jihohin kudu masu zafi, waɗanda ba su taɓa ganin irin wannan sanyi ba, sai ga su cikin digiri 40 ƙasa da sifiri. Mukan tuna da su in muka ga yaranmu da suka tafi aiki ƙasashen ƙanƙara.

A irin wannan sanyin kowane abu a jikin inji yana juya wa mutum baya. Kakin da ke cikin jaz yana daskarewa ya toshe matacin mai, sai an gauraya shi da kananzir. Baƙin mai yana yin kauri kamar madi. Batir, tun a digiri 18 ƙasa da sifiri, yakan rasa wajen rabin ƙarfinsa. Ruwan lagireto in ya daskare yana kumbura ya tsaga injin gida biyu. Lakar da ta maƙale a sarƙa tana zama dutse cikin dare ta manne da ƙasa, wanda ya ja da ƙarfi sai ya karya haƙoran giya, don haka ake kankare sarƙa da yamma a hau da ita kan gungumen itace. Ƙarfen kansa yana yin gautsi, ya karye kamar kasko. Direbobin Tarayyar Sobiyat, waɗanda masana'antar Celiyabinsk ta ƙera musu S-80 daga 1946 bisa tsarin D7 ɗin nan, har da ɗan jakinta, sukan zubar da ruwan inji da dare, da safe su ɗura tafasasshe, su hura wuta a ƙarƙashin kaskon mai. A Saiberiya in sanyi ya kai maƙura ba a kashe injin sam, yana kwana yana gurnani har gari ya waye.

Ƙarshen abin shi ne Antatika. A Janairun 1956 wani matashin direban sojan ruwan Amurka, Richard Williams, ya nutse da D8 ɗinsa lokacin da ƙanƙarar teku ta fashe a ƙarƙashinsa kusa da McMurdo, aka sa wa filin jirgin wurin sunansa. Ranar 4 ga Janairun 1958 Edmund Hillary ya isa tsakiyar kudancin duniya da ƙananan taraktocin noma uku na Ferguson da aka ɗaura wa sarƙa, kakannin jajayen Massey Ferguson da muka sani a gonakin Gadarif. Rashawa kuwa sun yi shekara da shekaru suna kai abinci da mai tashar Vostok daga Mirni da ayarin injuna masu sarƙa, tafiyar kimanin kilomita 1,400, tashar da ma'auninta ya nuna digiri 89.2 ƙasa da sifiri ranar 21 ga Yulin 1983. Da muka ba Usta wannan labarin daga baya, abin da ya tambaya kawai shi ne da wane irin mai suke shafa wa naɗin sarƙa.

Mu koma ƙarƙashin darbejiya. Tsohon ya ɗora bayan hannunsa a kan injin, ya jira, ya sake ɗorawa. Sa'an nan ya ja sandar jaz. Farin hayaƙi ya fito daga salansa, zobe bayan zobe, mai yaji a ido. Fistin ɗaya ya buga, ya yi shiru, ya sake bugawa, na biyu ya amsa masa, sai duka huɗun suka kama, ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu, tantabarun kan rufin kwano suka watse. Ƙaramin haƙorin ya fice da kansa. Usta ya rufe famfon fetur ya bar ɗan jakin ya shanye abin da ya rage a kafireta har ya mutu, domin in an bar fetur a ciki, da girgizar aiki sai ya tsiyaya cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ya bar babban ya yi wajen minti goma a tsaye kafin ya hau. Da ya ja sandar dama ya taka birki, tan goma na ƙarfe suka juya a wuri ɗaya kamar tsohuwa mai neman takalminta. Manomin ya sa hannu a aljihu.

Ba za mu yi wa mai karatu ƙarya ba, aiki da ita azaba ne. Kunnen Usta na hagu ya daɗe da mutuwa. Direba yana wuni cikin ƙura da rana babu inuwa, hannu da ƙafa ba sa hutawa, igiyar wuƙa in ta tsinke tana iya raba mutum da ido. Sabbin injuna sun fi ta ƙarfi, sun fi ta tsimin mai, ga ɗaki mai sanyi, ga mabuɗi da an murɗa sun tashi. Ba mu ga laifin samarinmu da suka gwammace tuƙin raksha ba. Abin da ya dame mu a ranar shi ne, a duk layin nan, a cikin mutanenmu da waɗanda ba namu ba, Usta ya lissafa mana mutum uku kacal da za su iya abin da ya yi da safen nan, biyu kuma ba sa iya fita daga gida.

Sauran labarin kowa ya san shi. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi, gadar Shambat ta karye a Nuwamba, Wad Madani ta faɗi a Disamba, mutanen Jazira suka watse, na kanabi kuwa suka sha wuyar da ba a gama ba da labarinta ba. Sojoji sun koma Wad Madani a Janairun 2025, Hartum kuma a Maris. Waɗanda suka dawo sun tarar an tone wayoyin lantarki daga ƙasa saboda jan ƙarfen da ke ciki, an kwashe batura, an farke cikin motoci da injuna. Sabon inji in aka cire masa kwamfuta da wayoyi ya zama gunki, sai an yi odar kaya daga waje da kuɗin da babu. A Jazira kuma Shuɗin Nilu bai fasa kawo lakarsa daga tsaunukan Habasha kowace damina ba, hanyoyin ruwan da aka yi shekara biyu ba a yashe ba sun cika da laka da ciyawa, gonar da ke ƙarshen layi ruwa ba ya kai mata.

Ɗan'uwanmu mai walda ya koma unguwar masana'antu bayan hanya ta buɗe. Ya ce shagonsa ko ƙofa ba a bar masa ba. Katafilar kuwa, wadda ta dawo daga aikin manomin ana saura kwanaki yaƙi ya tashi, tana nan inda aka ajiye ta, da ramin harsashi biyu a wuƙarta. An zuƙe jaz, an ɗauke kujera da murfin tanki, an yanke bututun jan ƙarfe guda biyu, amma ɓarayin ba su sami waya ko batir da za su cira ba, tan goma kuma ba a saɓa shi a kafaɗa. Usta yana Gadarif wajen 'yarsa, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya jin tafiya. Ranar da suka gudu, kaya kaɗan aka yarda kowa ya ɗauka, shi kuwa ya bar kwat ɗinsa ya ɗauki abin nan da ke naɗe cikin tsumma. Ya aiko da shi ta hannun jikansa, tare da saƙon baki cewa a zubar da tsohon mai duka, a wanke tanki, a juya babban injin da bawul a buɗe har allura ta tashi, kuma kada wanda ya kusance ta da gwangwanin feshi. Yaron yana neman fulogi biyu da bututun mai, ya ce in ya samu zai gwada ta da asuba.